Turken Dokin Alaramma

Tunda damina ta kama, kuka ce kuna so ku shiga aikin kai wa dabbobi agaji in ruwa ya sake yin ɓarna, to ku gyara zama. Na ji abin da kuke faɗa a ƙofar gida kafin ku yi sallama. Wai ai ba wani aiki ba ne, a loda dusa da harawa a cikin a-daidaita-sahu, a kai, a ɗauki hoto, a dawo. Ban ji haushi ba, dariya kuka ba ni. Ni Haladu mai kofato, tun gemuna bai fito ba nake durƙushe a ƙarƙashin dawaki, amma har gobe in zan tunkari dabbar da ruwa ya tsare sai gabana ya faɗi.

Ranar da mahaifina ya kai ni wajen Baba Tanimu a Taura, na zaci wuƙa zai miƙo mini. Tsintsiya ya ba ni da kwando. Na daɗe ina kwashe kashin doki har na fara tunanin guduwa. Kullum da safe sai ya tsare ni ya ce in faɗa masa abin da na gani a cikin kwandon. In na ce kashi na gani, ya ƙwanƙwashe ni a ka. So yake in ce ya bushe ko ya yi ruwa, akwai tsutsa ko babu, geron da aka ba shi jiya ya narke ko ya fito yadda ya shiga. Baba Tanimu mafaɗaci ne, Allah ya jiƙansa, amma ban taɓa ganin ya ɗaga wa doki murya ba. Faɗansa duk a kanmu yake ƙarewa. Sai da na iya gane doki marar lafiya daga tsayuwarsa kawai, sannan ya bar ni na ɗaga ƙafa.

Ga burgamin da ya bar mini nan a rataye, ku duba. Wannan lanƙwasasshiyar wuƙar ita ake fere kofato da ita. Magagari na daidaita baki, awartaki na cire ƙusa ko ƙaya in ta nutse. Kwalbar nan mai dogon wuya ta ɗura ce. Sai ƙullin kanwa, da man kaɗanya, da igiya. Igiyar ku fi kula da ita, don na sha barin wuƙa a gida na yi aiki, amma ban taɓa fita ba igiya ba.

Da na dawo Dutse na zauna a nan Takur, sai masu kawo mini aiki suka canja. Samari masu kilisa ranar Asabar, da masu hayar doki in ana biki, da masu jakan ɗiban yashi. Waɗannan masu jakan su ne ba sa zuwa sai jaki ya kasa taka ƙasa, sannan su ce jiya-jiya abin ya fara. Wata rana kuma wata Hajiya ta aiko da mage a cikin kwali, ƙayar kifi ta maƙale mata a maƙogwaro. Na ce ni fa doki na koya. Aka ce Hajiya ta ce ai duk baki ne. Na naɗe magen a tsumma na cire ƙayar, ta yakushe ni a nan, ga tabon. Daga ranar na zama likitan maguna na unguwa ba tare da kowa ya tambaye ni ba.

Shekarar da ruwa ya ci fadamar bayan Taura, likitan dabbobin da muke aiki tare da shi ya zo har gida ya ce in shirya. Mutanen gari sun tara harawa da dusa da ingirici, shi kuma ya samo magunguna, amma yana neman wanda dabba ba za ta gudu in ta gan shi ba. Motarmu ta tsaya inda kwalta ta ƙare a cikin ruwa. Daga nan sai kwale-kwale. Aka haɗa ni da wani masunci, Mamman, siriri mai surutu, wanda ya san kowace hanya da kowace rijiya da ke ƙarƙashin ruwan nan. Ku riƙe wannan: in ba ku da mutum irinsa, kada ku shiga. Ruwan ambaliya shimfiɗe yake sumul a sama, a ƙasa kuwa akwai waya da kututture da bakin rijiya.

Lodin farko da muka yi, sai da na sa aka sauke shi duka. An jibga harawa a cikin kwale-kwale kai tsaye, ga ruwa kwance a gindinsa. Harawar da ta jiƙa ta kwana ta yi funfuna, ka ba doki, ka kashe shi da hannunka kana ganin taimako ka yi. Muka gicciya itatuwa, muka ɗora dammunan a sama, muka rufe da leda. A tudun farko da muka isa na tarar da wani bawan Allah ya riga mu. Tausayi ya sa ya juye wa goɗiyar maƙwabcinsa gero cike da kwano, ita kuwa ta kwana biyu cikinta ba komai. Muka same ta tana birgima, ciki ya kumbura kamar ganga. Na yi mata ɗura, muka yi ta zagayawa da ita har Allah ya sa ta saki iska. Dabbar da ta sha yunwa busasshiyar ciyawa ake fara ba ta, kaɗan-kaɗan, da ruwa mai tsabta. Hatsi sai daga baya.

A wannan tudun ne wani magidanci ya jira har kowa ya karɓi rabon dabbarsa ya watse, sannan ya matso kusa da ni. Ya yi ƙasa da murya ya ce ko akwai ɗan ƙanzo. Na ce na wa? Sai ya sunkuyar da kai. Can bayansa na hango kare kwance, haƙarƙarinsa duk a waje. Karen nan shi ke kwana a gonarsa yana korar birai da ɓarayi, amma kunya ta hana shi ya ce a gaban jama'a yana roƙa wa kare abinci, alhali mutane ma ba su ƙoshi ba. Daga ranar kullum sai na saka ƙullin ƙanzo a gindin buhu. In na ga mutum yana ta jan ƙafa bayan an gama rabo, sai in miƙa masa in kau da kai. Ba na tambaya.

To, aikin da nake so in ba ku labarinsa a makarantar firamare ya samo ni, inda aka sauke mutanen da ruwa ya kora. Ina sauke dusa sai aka ce Iya Asabe na kira. Matar Alaramma ce, wani tsohon malamin allo da ke wata unguwa can cikin fadama. Na san gidan sarai, don ni ke gyara wa dokinsa kofato. Dokin sunansa Bidi, saboda gashinsa a gauraye yake, fari da duhu. Tunda gwiwoyin Alaramma suka daina ɗaukarsa, Bidi ne ƙafarsa. Shi ke kai shi Juma'a, shi ke kai shi suna da jana'iza, ya tsaya a ƙofa ba ɗauri har a gama.

Iya ta ce an kwashe kowa da kowa, ɗalibai da iyali, Malam kaɗai ya ƙi shiga jirgi. An koma ɗaukarsa ya ƙi, 'ya'yansa sun yi magiya ya ƙi, ga zazzaɓi a jikinsa tun kafin ruwan ya zo. Dalili kuwa doki. Ta dube ni, idonta ya kumbura don kuka, ta ce, "Haladu ɗana, ku zo mini da su su uku, Malam da dokin da magensa. In ka bar ɗaya, sauran ba za su biyo ka ba."

Muka kama hanya da hantsi. Mamman yana tura gora yana mita, wai ruwan ƙaruwa yake, ya nuna mini wata bishiya da ya yi wa alama jiya, alamar ta nutse. Da muka isa ban gane gidan ba. Katangu duk sun zube. Wuri ɗaya ya rage a bushe, tudun tokar nan inda ake hura wutar karatu shekara da shekaru. A kansa Alaramma yake zaune bisa buzu, ya lulluɓa da bargo, jikinsa na rawa, kan mage ya leƙo daga wuyan rigarsa. Gefe kuma, ƙasa da tudun kaɗan, ga Bidi tsaye a jikin turkensa, ruwa ya kusa kai masa gwiwa. Ya rame har ƙashin ƙugunsa ya fito. Jinkar ɗakin da ta faɗo kusa da su duk an zare mata ciyawa. Da ita tsohon yake ciyar da shi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar a zaurensa na same shi, har yana tambayata mutanen Dutse. Abin da na fara lura da shi, babu igiya a ƙafar dokin. Alaramma ya ce tun ranar da ruwa ya shigo ya kwance shi, ya kore shi ya nemi tudu, amma ko taku ɗaya bai yi ba. Na miƙa masa harawa busasshiya mai ƙamshi, ya shinshina ya kau da kai. Dokin da ya ƙi harawa kuwa ya fara sallama.

Na sa masa ragama na ja shi. Ya biyo ni salin-alin har ruwa ya kai masa ƙirji, sai ya turje, ya juya da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ja ni na kife a cikin laka. Kafin in miƙe ya koma jikin turken ya tsaya daidai inda yake. Na sake, ya sake. Na roƙi rawanin Alaramma na rufe masa ido, duk da haka ya juyo ya dawo, ido a rufe. Mamman yana cikin jirgi yana dariya, daga baya dariyar ta ɗauke, don ruwa ya fara lasar bakin buzun. Ya jawo ni gefe ya ce mu sungumi tsohon nan da ƙarfi kawai, in ya so ya yi fushi a kan tudu. Ba zan ɓoye muku ba, na so in yarda.

Na koma na durƙusa na ce, Allah gafarta Malam, rai ya fi doki, a yi haƙuri a shiga jirgi, ni na yi alkawari zan riƙa kawo masa abinci. Ya dubi dokin, ya ce:

"Haladu, tun yana ɗan duƙushi na kafa masa turken nan. Ni na koya masa kada ya bar wurin sai na ce. Yanzu ya riƙe abin da na koya masa, sai in tafi in bar shi a kai? In aka tambaye ni gobe, me zan ce?"

Na tashi raina a ɓace, laka har cikin kunnena, na tsaya gaban Bidi ina zazzaga masa masifa kamar mutum. Na ce kai dai ka cika taurin kai, tsoho zai mutu saboda kai, kana nan ka rungume guntun ice. Na ce to, tunda turken ne uwarka da ubanka, da shi za mu tafi. Wallahi cikin fushi na faɗa, ba dabara ba ce. Sai da maganar ta fita daga bakina na ji ta.

Ba ku san turken icen ƙirya ba sai kun zo cire shi. Icen nan ya yi shekaru a ƙasa, igiya ta yi masa wuya, jikin doki ya goge shi har yana sheƙi. Muka lalubo wata karyayyiyar fartanya a cikin ɓaraguzai. Ina haƙa a ƙarƙashin ruwa ba na ganin hannuna, abin da na kwashe laka ta mayar. Mamman ya sauko yana zagina yana taya ni, mu tura gaba, mu ja baya. Farcena ya fita ban ji ba sai daga baya. Duk wannan abin Bidi yana tsaye a kanmu, hancinsa a wuyana, yana huci. Can turken ya saki, muka faɗi zaune tare da shi. Dokin ya yi wata haniniya siririya, ya bi icen da hanci har muka kai shi bakin jirgi.

Muka ɗauki Alaramma muka zaunar da shi a baya, wannan karon bai ƙi ba. Muka tsayar da turken a tsakanin ƙafafunsa ya rungume shi. A nan ku buɗe kunne. Ba a ɗaure dabba a jikin kwale-kwale, ko da wasa. In ta firgita ta nutse, da ku za ta tafi. Zagaye ɗaya na yi wa igiyar a wuyan turken, yadda Bidi zai ga a ɗaure yake kamar kullum, bakin igiyar kuwa yana hannuna, in abu ya ɓaci in saki. Na san in na saki, ban san abin da tsohon zai yi ba. Mamman ya tura gora. Jirgi ya motsa, turke ya motsa, sai ga Bidi ya ɗaga ƙafa ya biyo.

Mamman ya bi da mu ta kan tsohuwar hanyar amalanke, yana caka gora yana lalube, don dokin ya riƙa samun wurin taka. Ruwa ya kai ƙirji bai juya ba. Ya kai wuya bai juya ba. Sai muka zo inda ruwa ya yanke hanyar ya yi kwari, babu wurin kewayewa. Ƙasa ta ɓace masa, ya fara iyo. Na tallafe haɓarsa da hannu ɗaya kada ruwa ya shiga kunne, numfashinsa kamar zugazugin maƙera. A tsakiyar kwarin ƙarfinsa ya ƙare. Bayansa ya fara yin ƙasa, igiya ta miƙe tana cin tafin hannuna, jirgi ya karkata har ruwa ya fara shigowa. Mamman ya ce in saki. Ya sake cewa in saki. Sai Bidi ya miƙo wuya ya ɗora haɓarsa a bakin jirgin, daidai gindin turken. Alaramma ya sa hannu a goshinsa yana karatu a hankali, yana kiran sunansa a tsakani. Ban saki ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai ji igiyar ta yi sako-sako, na duba na ga kafaɗarsa ta fito. Ya taka ƙasa. Ni da nake faɗa da kowa, a nan na zauna na yi kuka, Mamman ya yi kamar bai gani ba.

Da muka iso makarantar mutane suka taso. Aka ɗauke Alaramma zuwa wajen masu magani. Magen ta fice daga rigarsa ta nufi Iya Asabe kai tsaye. Iya ta ga mijinta, ta ga doki yana ɗigar da ruwa, sannan ta ga ni da Mamman mun saɓo ƙaton ice baƙi ƙirin da laka. Ta riƙe baki ta ce, "Ashe su huɗu ne."

A gindin wata darbejiya na haƙa rami na kafa shi, na daddanne ƙasar da dutse. Na ɗaura wa Bidi igiya a ƙafa yadda ya saba. Ya zagaya, ya goga wuyansa a jikin icen, ya tsaya. Na zuba masa harawar nan dai da ya ƙi ɗazu. Ya sunkuya ya fara ci.

Sauran aikin na kofato ne, kuma shi ya fi daɗewa. Ƙafar da ta jima a ruwa laushi take yi ta fara ruɓa daga tsakiya, tun kafin ka ɗaga za ka ji warin. Kullum sai na wanke da ruwan gishiri, in fere inda ya mutu, in fesa maganin da likita ya ba ni, in zuba busasshiyar toka inda yake tsayawa. Alaramma da ya samu sauƙi sai ya sa a shimfiɗa masa buzu a gefe yana kallona, yana gyara mini aikin da bai iya ba. Da ruwa ya janye suka koma, aka sake gini, aka mayar da turken raminsa.

Bayan wasu shekaru Alaramma ya rasu. An yi sadakar arba'in ba da daɗewa ba sai ga babban ɗansa, Malam Sani, a ƙofar gidan nan, yana jaye da Bidi. A bayansu a-daidaita-sahu na tafe a hankali, ice ya leƙo ta gefe. Ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya a kawo mini dokin, ya kuma ce kada a kuskura a raba shi da turkensa. Na karɓa. Bidi ya zauna da ni, ba ya aikin komai sai ci da cizon aljihuna yana neman kanwa. Ban taɓa hawansa ba. Bara da rani na fito da safe na same shi kwance a gindin icen, ya cika.

Turken ne wancan da kuka rataya jakunkunanku a kai da kuka shigo. Ku sauke su, ba maratayi ba ne. Maiɗakina ta sha cewa in cire shi, yana tare hanya, yara na tuntuɓe da shi. Kullum ina ce mata gobe. Har yanzu in na idar da sallar asuba, sai in ɗebi harawa in nufo nan, sai na iso gindinsa nake tunawa.